NAZARI: Lodin da ba a ƙirga ba: Abin da ke ƙona injina da taransifoma a Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa

Tun daga ranar 3 ga Afrilu, 2024, lokacin da Hukumar Kula da Harkokin Wutar Lantarki ta Ƙasa, NERC, ta ɗaga farashin wuta ga 'yan rukunin A zuwa naira 225 a kan kowane yunit, muhawarar lantarki a Najeriya ta tsaya a kan tambayoyi biyu: awa nawa ake samun wuta, kuma nawa ake biya. Duhun da ya mamaye yawancin jihohin Arewa a ƙarshen Oktoban wannan shekarar, bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna da katsewar layin Ugwuaji zuwa Apir, ya ƙara wa tambayoyin nauyi. Sama da mako guda aka yi injinan niƙa na tsaye, shagunan walda na rufe ko suna ƙona man da ya fi ƙarfin ribarsu.

Sai dai akwai tambaya ta uku da ba kasafai take shiga muhawarar ba, alhali ita ta fi kusa da aljihun mai ƙaramar sana'a. Idan wutar ta zo, me take tararwa a cikin shago? Injina nawa ke rataye a kan waya ɗaya, nawa kowanne ke ja, kuma ko wayar da akwatin rabon wuta da taransifomar unguwa za su iya ɗauka?

Amsa wannan tambaya shi ne abin da injiniyoyi ke kira lissafin lodi. Aiki ne na takarda da biro da na'urar awo guda ɗaya, wanda ba ya wuce yini. Rashin yin sa na cikin dalilan da ke sa moto ya ƙone, waya ta narke, taransifoma ta fashe, unguwa ta koma karo-karo. A arewa maso yammacin Jihar Jigawa, inda ake sa ran manyan ayyukan lantarki da na sufuri, wannan ƙaramin lissafi zai taka rawa wajen tantance ko wutar da ake jira za ta zama arziki ko asara.

Yankin da ƙarfe ke bin noma

Kazaure, Roni da Gwiwa na ƙarƙashin Masarautar Kazaure, Babura kuma na Masarautar Ringim, amma tattalin arzikinsu iri ɗaya ne: noman damina, noman rani inda ruwa ya samu, kiwo, da fatauci a kan hanyar Kano zuwa Daura da iyakar Nijar. Sana'ar ƙarfe a irin waɗannan garuruwa tana bin kalandar manomi sau da ƙafa. Gabanin damina ana gyaran garma da amalanke. Da kaka injinan sussuka da na casar shinkafa da na niƙa ke aiki ba dare ba rana. Da rani kuma injinan ban ruwa ne ke cika shagunan gyara. A tsakani, masu gini na neman ƙofofi da tagogi da rodi.

Bayan duk wannan akwai maƙerar zamani: shagon da ke da injin walda, injin sassaƙar ƙarfe, injin huda, injin yanka da gogewa, wani lokaci da injin iska. Idan shaft ɗin injin niƙa ya karye a wani ƙauyen Gwiwa, shagon da ke kusa ne zai sassaƙa sabo, in ba haka ba sai an tafi Kano, an biya mota an rasa aikin yini biyu.

Irin wannan shago ba a tsara shi rana ɗaya. Mai shi kan fara da injin walda guda a rumfa, ya jawo waya daga falwaya mafi kusa. In Allah Ya buɗa, ya je Kofar Ruwa a Kano ya sayo injin huda na hannu na biyu. Bayan shekara biyu ya ƙara injin sassaƙa, ya ɗauki yara, ya ƙara injin walda na biyu. Kowane sabon inji ana maƙala shi a inda aka ga sarari. Jari ya ninka sau biyar, amma wayar da ta shigo da wuta tun ranar farko ita ce dai ke ɗauke da komai.

Yadda ake lissafin

Matakin farko shi ne rubuta duk abin da ke cin wuta a shagon. Kowane moto yana da ƙaramin faranti a jikinsa da ke nuna ƙarfinsa, ko da kilowat ko da ƙarfin doki. Ƙarfin doki ɗaya daidai yake da wat 746, don haka moto mai doki 10 kusan kilowat 7.5 ke nan.

Amma lambar da ke jikin farantin tana faɗin ƙarfin da moton ke fitarwa ne kawai. Abin da yake ja daga waya ya fi haka, saboda dalilai biyu. Wani kaso na wutar yana zama zafi a cikin moton. Wani kason kuma yana kai-komo tsakanin moton da taransifoma don raya maganaɗisun da ke juya shi, ba ya zama aiki amma yana cika waya. Shi ya sa ake da ma'auni biyu: kilowat, wato ƙarfin da ya zama aiki, da kVA, wato nauyin da waya da taransifoma ke ɗauka. Kamar jakin da aka ɗora wa shinkafa shanshera ne: ɓuntun ba ya shiga tukunya, amma bayan jakin ya san da shi.

A ɗauki misalin shago mai injin sassaƙa na kilowat 5.5, injin iska na kilowat 4, injin yanka na kilowat 2.2 da injin huda na kilowat 1.5. Jimilla kilowat 13.2. Idan aka sa asarar zafi da wancan kai-komon a lissafi, nauyinsu a kan waya ya kusa kVA 19. A ƙara tsofaffin injinan walda biyu masu koyil, kowanne na jan kimanin kVA 10 lokacin da ake ƙona sanda, sai fitilu da fanka na kVA 1. Abin da aka haɗa da layi ya kai kVA 40.

Mataki na biyu shi ne tambayar da mai shago kaɗai zai iya amsawa: waɗanne injina ne ke aiki a lokaci guda? Ba a taɓa kunna komai tare ba. Mai walda yana ƙona sanda na ɗan lokaci, ya tsaya ya kankare, ya daidaita ƙarfe. Injin iska yana tashi ya cika tanki ya mutu. Idan aka ɗauka kashi 70 cikin 100 na motocin da kashi 60 na waldar ne ke haɗuwa a lokacin da aiki ya fi zafi, ainihin buƙatar shagon ta dawo wajen kVA 27. A wuta mai fes uku ta bolt 400, kowace kVA na nufin kimanin amfiya 1.44 a kan kowane layi, wato amfiya 39. In aka bar sarari don injin da za a saya nan gaba, lissafin ya kai amfiya 48.

Daga wannan lamba ake zaɓar komai: kaurin wayar da za ta shigo, girman babbar bireka, adadin ƙananan bireka a akwatin rabo, girman janareta. Wanda ya gina a kan kVA 40 ya kashe kuɗin da bai kamata ba. Wanda ya gina a kan kVA 10, wato lodin ranar da ya buɗe rumfa, yana zaune ne a kan garwashi.

Inda ɓarnar ke farawa

Lissafin da ke sama ya ginu ne a kan sharaɗin cewa an raba nauyin daidai tsakanin layukan wuta uku da ake kira fes, masu alamar ja, rawaya da shuɗi. A nan ne yawancin shaguna ke faɗuwa. Ƙananan injinan walda da yawa fes ɗaya suke amfani da shi. Injin da ke jan kVA 10 a bolt 230 yana ɗora amfiya 43 a kan layi guda. Idan aka haɗa biyun a kan fes ɗaya, wanda shi ne abin da ke faruwa idan babu wanda ya duba, kuma suka kama aiki tare, layin zai ɗauki amfiya 87, ga amfiya 20 na motoci a kai. Layi ɗaya na nishi da fiye da amfiya 100, sauran biyun na ɗauke da 20 kacal.

Sakamakon haka ƙarfin wuta a layin da aka danne yana sauka, moto mai fes uku ya riƙa samun abinci marar daidaito. Ƙa'idar da masu ƙera motoci suka daɗe da tabbatarwa ita ce bambancin kashi 1 cikin 100 a ƙarfin wuta tsakanin layukan na iya haifar da bambancin kashi 6 zuwa 10 a amfiyar da moton ke ja. Bambancin kashi 3.5 na ƙara zafin koyil da kusan kashi 25. Kuma duk ƙarin digiri 10 a zafin koyil yana rage rabin tsawon ran rufin da ke jikin wayarsa. Moton da ya kamata ya yi shekaru yana aiki sai ya ƙone a kaka ɗaya, a kai wa mai naɗin koyil, a dawo da shi kan layin da ya ƙona shi.

Abu na biyu shi ne tashin moto. A daƙiƙun farko, moton da aka kunna kai tsaye yana jan ninki shida ko fiye na abin da yake ja idan ya daidaita. Injin sassaƙan da ke misalinmu yana aiki da kimanin amfiya 12, amma yana tashi da kusan 70. Wannan ne ke sa fitilun maƙwabta su yi ƙyaftawa duk lokacin da injin niƙa ya tashi. Idan bireka ta riƙa faɗuwa saboda haka, maganin da ya dace shi ne bireka mai jure tashin moto, ko makunnin da ke tayar da shi mataki biyu, wanda ke rage jan farko zuwa kashi ɗaya cikin uku. Maganin da aka fi yi kuwa shi ne a cire birekar a sa wadda ta ninka ta, ko a maye gurbin fis da kaurin waya. Daga ranar babu abin da ke gadin layin. Aikin bireka shi ne ta faɗi kafin waya ta yi zafi, don haka girmanta na bin kaurin waya ne. Birekar da ta fi ƙarfin wayarta ado ce kawai a jikin bango.

Abu na uku shi ne raunin wuta. Ƙarfin juyin moto yana sauka fiye da yadda wutar ta sauka: idan ƙarfin wuta ya ragu da kashi 10, ƙarfin juyi na raguwa da kusan kashi 19. Moton da ke ɗauke da aiki sai ya ja ƙarin amfiya don cike giɓin, ya ƙara zafi. Mafi muni shi ne fes ɗaya ya ɗauke baki ɗaya alhali moto na juyawa. Zai ci gaba da gurnani a kan layi biyu har koyil ya toye, sai dai idan akwai na'urar da ke kashe shi nan take, wadda kuɗinta bai kai na naɗin koyil sau ɗaya a babban moto ba.

Abu na huɗu shi ne yanayi da ingancin waya. Jadawalin da ke nuna amfiyar da kowace waya za ta iya ɗauka an gina shi ne a kan zafin digiri 30. A digiri 40, waya mai rufin roba na ɗaukar kashi 87 ne kawai na wannan adadi, a digiri 45 kuma kashi 79. Duk wanda ya san watannin Afrilu da Mayu a Jigawa, ya kuma san zafin shagon langa-langa da azahar, ya san wannan ragin dole ne. Ga kuma matsalar jabun waya, da Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, SON, ta sha kamawa: waya mai ƙarancin kauri, ko alminiyom da aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Alminiyom ba ya iya ɗaukar abin da jan ƙarfe mai kauri ɗaya ke ɗauka. Zafin da ke taruwa a waya kuma ba ya tafiya daidai da lodi: in amfiya ta ninka biyu, zafin na ninka huɗu.

Daga shago zuwa taransifoma

Matsalar ba ta tsayawa a ƙofar shago. Taransifoma mai kVA 300, irin wadda ake yawan gani a unguwanni, na iya ba da kimanin amfiya 430 a kowane fes. Injiniyoyi kan so a tsaya a wajen kashi 80 na ƙarfinta, wato kVA 240. Shaguna tara irin na misalinmu, idan suka kama aiki a lokaci guda, sun cinye wannan adadi tas, ba a sa gida ko masallaci ko famfon burtsatse ko ɗaya a lissafi ba.

A wurin da wuta ke wadace, da wuya shagunan su haɗu a lokaci guda, domin kowa na aiki a lokacin da ya ga dama. A wurin da wuta ke zuwa na 'yan sa'o'i, lamarin ya sha bamban. Da zarar an kawo, mai niƙa da mai walda da mai ƙanƙara da mai guga duk su tashi tare, kowa na tseren gama aikinsa kafin a ɗauke. Ƙarancin wuta da kansa yana rusa sararin da lissafi ya dogara da shi. Ga kuma al'adar sauya layi: gidajen da ke da hanyar tsallakawa daga fes zuwa fes duk sukan koma kan wanda ya fi haske, har su danne shi.

Idan taransifoma ta ƙone, NERC ta sha nanata cewa saye da gyaran taransifoma da falwaya da wayoyi haƙƙin kamfanin rarraba wuta ne, ba na masu amfani da ita ba. A aikace, unguwanni da yawa a faɗin ƙasar nan kan gaji da jira su yi karo-karo, ko su nemi ɗan majalisa ya kawo ɗauki. Sai a kawo sabuwa, a yi bikin ƙaddamarwa, a ɗora mata lodin da ya kashe ta farko. Ba a cika jin an ƙirga shagunan da ke kan layin kafin a zaɓi girmanta ba.

Dalilin da ake ɓoye gaskiya

Zai yi sauƙi a ɗora laifin a kan jahilci, amma masu wannan sana'a sun san injinansu fiye da kowa. Akwai dalili na kuɗi da ke sa su ƙi a ƙirga. Alƙaluman NERC na shekarar 2024 sun nuna fiye da rabin masu rajistar wuta a Najeriya ba su da mita. Wanda ba shi da mita ana yanka masa kuɗi ne bisa ƙiyasi, kuma duk da iyakar da hukumar ta sa wa irin wannan caji tun 2020, mai shago ya yi imani cewa duk injin da ma'aikacin wuta ya gani zai bayyana a takardar ƙarshen wata, ko an yi aiki da shi ko ba a yi ba. Akwai kuma tsoron a mayar da shi ajin manyan masu jan wuta, wanda ke farawa daga kVA 45, da duk abin da hakan ke jawowa na kashe kuɗi.

Don haka hikimar kasuwa ta koya masa ya rage bayani. Kamfanin KEDCO, wanda ke raba wuta a jihohin Kano, Katsina da Jigawa tun bayan sayar da kamfanonin rarrabawa a Nuwamban 2013, yana da sunayen abokan ciniki, amma sanin ainihin abin da ke bayan kowace ƙofa na buƙatar a buɗe masa ƙofar. Ga shi kuma a tsarin rabon da aka daɗe ana bi, kason KEDCO kashi 8 ne cikin 100 na wutar ƙasa. Idan tashoshi suka ba da megawat 4,500, rabon jihohin uku bai wuce megawat 360 ba. Kamfanin da ke raba ɗan wannan, kuma yake neman kuɗin shiga, zai fi karkata ga layukan da ya san abin da ke kansu ya kuma tabbatar za su biya, kamar Sharada, Challawa da Bompai.

Nan ne asarar ta zama biyu. Tsarin rukuni ya ɗaure farashi da sa'o'i: rukunin A awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. Garin da masu sana'arsa ba su bayyana a kowace takarda ba, a idon mai tsara rabo gari ne na fitilu da cajin waya. Ba shi da hujjar neman a ɗaga layinsa, ko a ware wa masu sana'a taransifoma tasu. Ɓoye lodi na kare mai shago daga cajin wata ɗaya, amma yana hana garinsa wutar shekaru.

Janareta da sola ba su yafe lissafi

Tun bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, da tsadar dizal da ta riga shi, kuskuren zaɓen janareta ya daina zama ƙaramin abu. Janaretan da ya yi ƙanƙanta ba zai iya tayar da moto ba, zai shaƙe ya sauke wuta. Wanda ya yi girma da yawa kuma yana shan mai a banza, kuma injin dizal da ke yini a ƙasa da kashi 30 na ƙarfinsa yana tara man da bai ƙone ba, ya lalace da wuri. Janareta mai lafiya a lodin da ya dace na shan kusan lita ɗaya a kan kowane yunit uku. Shagon da ke cin yunit 80 a yini zai ƙona fiye da lita 25. Ko a farashin rukunin A na naira 209.5 da aka koma a Yulin 2024, waɗannan yunit 80 ba su kai naira 17,000 ba, alhali dizal ɗin ya haura naira 25,000 a lokacin da lita ta wuce naira 1,000.

Haka abin yake ga hasken rana. A Disamban 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 don shirin DARES, wanda Hukumar Samar da Lantarki a Karkara, REA, ke gudanarwa, kuma ƙananan tashoshin sola na cikin ginshiƙansa. Duk mai zuba jari a irin wannan tasha yana neman masu jan wuta da rana, lokacin da rana ke bayarwa kyauta, kuma babu wanda ya dace da wannan kamar mai niƙa da mai walda. Amma abu na farko da zai tambaya shi ne lodi: nawa, ƙarfe nawa, da wane irin tashi. Injin walda mai koyil da moton da ke tashi kai tsaye na iya kayar da na'urar juya wutar sola nan take. Shi ya sa sauya tsohon injin walda da na zamani mara nauyi, wanda ke jan wuta kaɗan, yakan fi arha a kan ƙara faranti da batir.

Yankin na da manyan alƙawura a gabansa. An daɗe ana maganar katafariyar tashar sola mai megawat 1,000 a Gwiwa, wadda Bankin Raya Afirka ya ba da tallafin dala miliyan 1.5 don share mata fage a 2018. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, ya ratsa ta Kazaure. Amma wutar babbar tasha kan hau babban layi ne ta wuce. Abin da zai sauko da ita shagon walda a Roni shi ne ƙananan layuka da taransifomomin da aka auna daidai da buƙata.

Wa zai ɗauki biro?

Abin lura shi ne masu ilimin wannan aiki suna cikin yankin. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, wadda ta faro a matsayin kwalejin jiha a 1991 ta koma ta tarayya a 2007, tana yaye masu karatun injiniyan lantarki. A Babura akwai Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 2021. Ɗalibin da ke neman aikin kammala karatu, in aka ba shi na'urar awon amfiya mai kama da awartaki da takardar cikewa, zai iya auna shaguna biyu ko uku a yini ƙarƙashin kulawar malaminsa. A zango ɗaya za a iya samun taswirar lodin kowane layin masu sana'a a ƙananan hukumomin huɗu.

Sharaɗin nasarar hakan shi ne amana. Muddin mai shago na ganin awon zai koma takardar caji, ba zai buɗe ƙofa ba. Saboda haka mita ce ta kamata ta riga lissafi shiga, domin wanda ke biyan abin da ya sha kaɗai ba shi da dalilin ɓoye injinsa. Ƙungiyoyin masu walda da masu niƙa su ne suka fi cancanta su riƙe sakamakon, su tunkari KEDCO da shi a matsayin hujjar neman taransifoma ta masu sana'a, dabam da ta gidaje.

Hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta ɗora wa duba ingancin haɗin lantarki da tantance masu aikinsa, na da rawar takawa wajen horar da masu gyaran wuta na gari da ba su shaida, tunda su ne ke haɗa akwatin rabo a zahiri. Gwamnatin jiha ma ba ta da uzurin cewa lantarki na tarayya ne, domin gyaran tsarin mulki na Maris 2023 da Dokar Lantarki ta Yunin 2023 sun buɗe wa jihohi ƙofa. Duk shirin tallafi da ke raba injin walda ko na niƙa ga matasa ya kamata ya zo da duba layin da za a haɗa shi. Duk taransifomar da za a saya da kuɗin jama'a, a fara da ƙidayar abin da za ta ɗauka.

Shi kuwa mai shago ba sai ya jira kowa ba. Ya rubuta injinansa da lambobin da ke jikinsu. Ya sa ƙwararre ya auna amfiyar kowane fes a lokacin da aiki ya fi yawa. Ya raba injinan walda a kan layuka dabam-dabam, ya ba kowane babban inji birekarsa da na'urar kariya daga zafi da ɗaukewar fes, ya tabbatar da wayar ƙasa, ya daina tayar da manyan motoci tare. Kuɗin wannan duka bai kai na moto ɗaya ba. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ranar da wuta ta wadata a Kazaure da Babura, shagon da ya riga ya san lodinsa ne zai fara cin moriyarta.